Faifan da Anti Ta Sace

Na fara jin sunansa ina 'yar ƙarama, ranar da Mama ta leƙo daga kicin ta ce wa yayata, "Maza ɓoye min wayata, Firji na hanya." Ni kuwa sai na ruga bakin ƙofa ina jiran motar da za ta sauke mana firji. Abin da ya shigo wani siririn mutum ne da rigar sanyi rataye a kafaɗa, ana tsakar rana, kowa na sharce gumi. Shi ne ƙanen Mama, autan Kaka. A gabansa Kawu muke ce masa. A bayan idonsa kuwa har Kaka Firji take cewa.

Sunan daga wurin aikinsa ya samo shi. Shi ne mai kula da ma'ajiyar bayanai ta wani babban kamfani, kuma sai da na gama sakandare ya kai ni na ga wurin. Ɗaki ne marar taga, sanyinsa har cikin haƙori, ga dogayen akwatunan ƙarfe a jere suna gurnani kamar ana niƙa a maƙota. A jikin kowane akwati akwai ƙananan aljihuna, a kowane aljihu faifai ɗaya, da 'yar koriyar fitila tana ƙyaftawa. Duk abin da ma'aikatan kamfanin suka rubuta a kwamfutocinsu nan yake kwana. Kawu ne ke yanka wa kowane sashe wurinsa, shi ke cewa wane zai buɗe wannan, wane ba zai buɗe ba, kuma shi ke tabbatar da cewa babu abin da ke zaune a faifai ɗaya tak.

Ina tsaye ina karkarwa ya ce, "'Yar Kaka, zaɓi ɗaya."

Na nuna wani aljihu. Ya danna, ya zare faifan gaba ɗaya, na'ura na tsaka da aiki. Fitila ta koma ja, wani abu ya fara ƙara. Ni har na kama hanyar ƙofa, shi kuwa yana ta murmushi kamar an yi masa albishir.

"Kawu, ka ɓata musu."

"Duba allon can. Akwai abin da ya tsaya? Ɗan uwansa ya ɗauki kayan. In ban ture shi da hannuna ba, ta ina zan san zai iya tsayuwa ranar da ya faɗi da kansa?"

Da a ofis kawai ya tsaya da wannan hali, da babu mai ƙorafi. Amma Kawu gida yake tahowa da shi. Zai zo gaisuwa, ya sha ruwa, ya yi hira, ya tafi da wayar mutum a aljihu. Sai an birkice gida, an ɗaga katifa, an zargi yara, sannan ya dawo ya zauna ya ce, "To Yaya, a ce ta tafi ke nan. Lambar likitanki a ina kuma take?" Mama ta taɓa bin sa da tsintsiya har titi. Wadda ta fi kowa shan wannan gwaji ita ce matarsa, malamar firamare ce, Anti muke ce mata. Ita ba ta bin kowa da tsintsiya. Shiru take yi, ta ajiye abu a ranta.

Ni a gidanmu aikina zama wurin Kaka. Tun ina ƙarama nake son jin wa ya haifi wa, wa ya yi fushi ya bar gida, wa ya dawo. Da ƙarfinta ya fara raguwa sai na riƙa ɗaukar muryarta a wayata. Akwai inda take lissafa 'yan uwanta, akwai inda take waƙar da take yi wa jikoki, akwai inda ta manta ana ɗauka ta shiga yi wa kaza faɗa. Akwai kuma labarin ranar da Kawu, yana ɗan yaro, ya cusa kansa tsakanin ƙarafan ƙofar gida don ya gwada ko zai fita, aka kira mai walda. Kaka tana ba da shi tana dariya har da tari.

Bayan rasuwarta Kawu ya zo ya tambaye ni muryar a wuri nawa take. Na ce a wayata. Ya dafe kai kamar na ce masa na bar jariri a bakin rijiya. Cikin 'yan kwanaki ya kafa wani ƙaramin akwati a falonsa, ƙarƙashin talabijin, mai faifai biyu, kowanne ɗauke da abin da ke cikin ɗan uwansa. Ya kafa wani a gidanmu, wanda ke kwaikwayon na falonsa ta intanet, duk abin da ya canza a can ya canza a nan.

"Wuri uku ke nan," in ji shi. "Yanzu ki share wayarki ta huta."

Na share, don dama ta cika.

Ba a jima ba ya sake ɗauke wayar Anti, ranar da take jiran kiran asibiti kan ƙanwarta mai naƙuda. Har kwandon shara ta zazzage. Da ya fito da ita daga aljihu yana tambayar lambar asibitin a ina kuma take, sai ta karɓi abarta ta shige ɗaki. Washegari yana fita aiki ta durƙusa gaban talabijin, ta danna aljihun kamar yadda ta sha ganin yana yi, ta zare faifai ɗaya.

Ta so ta ga ya rikice. Da ya dawo ya ga jar fitila da aljihu wayam, sai ya buɗe durowa ya ɗauko sabon faifai ya zura, ya zauna yana kallon akwatin na cika shi. Ya ce, da ƙarfi yadda za a ji a kicin, "Allah ya yi wa ɓarawon nan albarka, ya gwada min na'ura kyauta."

Daga kicin Anti ta ce, "Amin, Injiniya."

Shi bai tambaya ba, don kada a ce ya damu. Ita ba ta mayar ba, don kada a ce ta sauko. Haka maganar ta kwanta.

Bayan wasu watanni ya sayo babban akwati, don ƙaramin ya kusa cika da hotunan dangi. Ya kira ni wata Asabar da safe in zo in koyi yadda ake ƙaura. A allon kwamfutarsa akwai gurbi biyu, inda za a ɗebo da inda za a zuba. Yana cikin bayani aka kira shi daga ofis. Ya maƙale waya a kafaɗa, yana magana yana dannawa. Na'urar ta tambaye shi ko ya tabbata, ya danna eh ba tare da ya karanta ba, kamar yadda mutum ke amsa sallama.

Da ya ajiye wayar ya dubi allon, sai na ga ya cire rigar sanyinsa. Ban taɓa ganin haka ba.

"Kawu, lafiya?"

"Na juya su," ya ce a hankali. "Sabon na sa a gurbin ɗebowa."

Wato ya kwafi akwatin da babu komai a cikinsa ya shimfiɗa a kan mai kaya. Faifai biyun nan, da yake an horar da su kada su saɓa wa juna, tare suka zama fanko. Na ce ai akwai na gidanmu. Ya kira yayata, ta ce ai tun ɗazu akwatin ke ta ƙyafta fitila, yana aiki sosai. Shi ma ya bi sahu ya share nasa. A ofis, in ji Kawu, yana ajiye kwafin jiya wanda babu abin da ke taɓa shi. A gida ya bar wannan sai ya sayi babban akwati, ga shi kuwa ya saya.

Na zauna a ƙasa. Ina ƙoƙarin tuno yadda Kaka ke jan ƙarshen sunana, na kasa jin sa daidai. Mama ta ji labari wurin yayata, ta iso da mayafi a karkace, ta tsaya a kansa.

"Firji, uwar tamu ka goge?"

"Yaya, ki bari in duba, wataƙila..."

"Kai da kake sace wayoyin mutane kana musu wa'azi?"

Anti na zaune a gefe tana duba littattafan ɗalibanta. Ta bar shi ya yi ta danne-danne har gumi ya jiƙa masa wuya. Sai da ta ga na fara share hawaye ta rufe jan bironta, ta shiga ɗaki, ta fito da wani abu naɗe a tsohon ɗankwali.

"Injiniya, a ce ta tafi ke nan," ta ce. "Muryar Kaka a ina kuma take?"

Ya miƙa hannu, ta janye.

"Wayata."

"Ba zan ƙara ɗaukar ta ba."

"Da tawa," in ji Mama.

"Taki kuma, Yaya, sai mun yi magana."

Anti ta fara mayar da ƙullin ɗankwalin, ya yi sauri ya ce har da ta Yaya. Sharaɗi na ƙarshe, ita za ta zaɓi abin da za a fara saurare. Ya haɗa faifan da kwamfutarsa, wannan karon yana karanta kowane layi da yatsa kamar ɗan aji ɗaya. Komai na nan, har faɗan kaza. Anti ta sa aka ƙure ƙara, muryar Kaka ta cika falon tana cewa, "Sai ga kan a waje, gindin a ciki, yana ce min, Inna, gwadawa nake." Mama na kuka tana dariya. Kawu ya zauna ya saurara har ƙarshe, har wurin tarin.

Yanzu ya daina ɗaukar wayoyi, ko da yake in ya ga an ajiye ɗaya a hannun kujera yatsunsa kan yi motsi. Rigar sanyin tana nan. Faifan kuwa Anti ta karɓe abinta, ta ce ba ta yarda da ma'ajiyarsa ba.

Ranar, da zan tafi gida, ya rako ni bakin titi. Ya waiga ya tabbata Anti ba ta biyo mu ba, sannan ya ce, "'Yar Kaka, alfarma nake nema. Lokaci-lokaci in kin zo gidan nan kin ga ba na nan, ki zare faifai ɗaya ki tafi da shi. Kada ki gaya min ranar, kada ki gaya min inda kika sa. Ko na roƙe ki, ki ce ba ki san zancen ba."