Sulen da Gwaggo ta wanke

Ranar wata kasuwar Ƙanƙara, a daminar da na shiga aji huɗu, na dawo tallar dafaffiyar gyaɗa na juye cinikina a tabarma, sai ga wani baƙin sule a cikin 'yan uwansa. Na murza shi da gefen zanena, na ga kan wani sarkin Turawa mai gemu, a bayansa kuma bishiyar kwakwa. Wani ne ya cusa mini shi cikin cinkoso. Kawu Sale, ƙanen Innarmu, ya juya shi a tafin hannu ya ce na zamanin da ne, akwai mutumin da ke zama kusa da 'yan koli yana sayen irinsu, kuma wanda bai ji jiki ba yana iya sayen takalmi. Ni kuwa a lokacin ba takalmi nake taka hanyar makaranta daga 'Yargoje, ƙaya da tsakuwa duk sun san tafin ƙafata. Inna ta ce rabona ne.

Satin nan ban yi aikin kirki ba. Ko ina korar tsuntsaye a gonar gero, ko ina wasan carafke a gindin ɗorawa, hankalina na kan sulen. Na ƙirga gashin gemun sarkin, na duba ganyen kwakwar, komai a fili yake raɗau ƙarƙashin baƙin nan.

Sai Gwaggo Hajo, yayar babanmu, ta ji labari. Mace ce da ko tukunyar maƙwabta ta gani da baƙi sai ta yi magana. Ina rijiya ta ɗage shimfiɗata ta ɗauko shi, ta haɗa toka da tsamiya da yashi ta dirje shi kamar gindin kwano. Na dawo na tarar yana ƙyalli, ita kuma tana jira a gode mata. "Mi kika sani, ɗiyata? Wa za ya sayi ƙazanta?"

Da kasuwa ta zagayo Kawu ya raka ni wurin mai sayen. Mutumin ma abin ƙyama ne. Bakinsa jajir da goro, ya tofa wa sulen miyau, ya goge da babban yatsa, ya kara a ido. Ya nuna wa Kawu inda gemun ya shafe, ya nuna zane-zanen yashi a kumatun sarkin, sannan ya cillo mini shi a tire. "Wa ya yi mishi wanga aiki? Baƙin nan shi ne kuɗinshi. Yanzu sai dai maƙera su narka shi." Ko tayi bai yi ba.

Da muka koma gida Gwaggo ba ta ce komai ya ɓaci ba. Cewa ta yi mutumin ƙazami ne, bai san abu mai kyau ba, ta ci gaba da tankaɗenta. Takaicin wannan ya fi mini na miyau ciwo. Shekarar nan ba takalmi na ƙarasa ta.

Yanzu 'ya'yana ba su taɓa riƙe kwabo ba, kasuwar ma ba kullum hanya ke barin mutum ya je ba, Gwaggo kuma ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Ina kewar gidan nan da duk mutanensa. Amma har yau idan wani ya ce bari ya gyara mini abina, sai na ji gabana ya faɗi.