Layin da Yaya Bai Gani Ba

Yayana ya yi shekara goma sha ɗaya yana gadin ƙofar da ba wanda ya taɓa gani da ido. A kamfanin kai kaya yake aiki, shi ke kula da babbar kwamfutar da duk rassa suke magana da ita. Aikinsa fayawol ne, wato dokokin da ke faɗa wa na'ura wane saƙo zai shiga, wanne za a kora. A ofis Maigadi suke ce masa, yana kuma amsawa. Mahaifiyarmu kuwa har ta rasu ba ta yarda cewa zama gaban baƙin allo sana'a ce ba.

Ba ya shigar da dokokin ɗaya bayan ɗaya da hannu. Ya rubuta su a fayil guda, layi saba'in da 'yan kai, in ya ba da umarni sai na'ura ta share tsofaffin ta bi sababbin daga sama har ƙasa. Ya taɓa zaunar da ni ya yi min bayani, ni da ko rimot ɗin talabijin sai mun yi faɗa. Layi na huɗu, in ji shi, shi ne uwa: duk maganar da aka riga aka fara, a bar amsarta ta shigo. In babu shi, kwamfuta za ta yi tambaya, amsa ta dawo ta tarar da ƙofa a garƙame. Shi kansa ma za ta yanke shi, don daga teburinsa yake shiga na'urar, ita kuwa tana wani gini a ƙarshen gari. A cikin fayil ɗin ko kalma ɗaya ta bayani babu. Komai a kansa yake, yana kuma taƙama da haka. Taurin kai dai ba a maƙwabta ya aro shi ba, gado ne.

Sai ciwon suga ya fara cin idonsa. Ya ƙara girman haruffan allonsa. Ya daina tuƙi, wai tafiya a ƙafa motsa jiki ce. Yana zuba shayi rabi a kofi rabi a faranti. Matarsa ta gani, ni ma na gani, muka yi gum, don mun san ranar da ofis suka gane, aikin ya tafi, kuma in an cire aikin nan ban san me zai rage na Yaya ba.

Wata Talata da hantsi aka rufe wani tsohon reshe, aka ce ya soke dokarsa. Layi na biyar ne. Ƙaramar alama ake sawa a farkon layi don na'ura ta tsallake shi. Ya sa ta a na huɗu, ya ba da umarni. Allonsa ya tsaya cak, rassa duka suka ɗauke.

Ya kira ni. “Auta, kina ina? Zo da motarki, ki kai ni wani wuri.”

Ɗakin na'urar sanyi kamar firji, ga ƙarar fankoki. Allon da ke wurin ɗan ƙarami ne, ana jawo shi kamar aljihun tebur. Yaya ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya goge tabarau, ya sake sunkuyawa. Sannan ya ja da baya.

“Karanta min,” ya ce. “Daga sama.”

Tun da nake, Yaya bai taɓa roƙona komai ba. Na ji kamar na kurma ihu, amma na karanta, harafi harafi, ina tuntuɓe yana gyara ni daga kai. Da na zo na huɗu na ce akwai wata alama kamar raga a gabansa.

Ya ce, “Goge ta.”

Na goge, ya faɗa min abin da zan buga. Ko minti ɗaya ba a yi ba wayarsa ta yi ƙara, manaja ne, ina jin muryarsa.

“Maigadi, ka fitar da mu kunya. Me ya faru ne?”

Na dinga yi wa Yaya alama da hannu, ina raɗa masa ya ce daga masu ba da intanet ne. Ƙarya nake so ya yi, kuma har yau ban ji kunyar haka ba. Ba wanda zai taɓa ganewa.

“Ni na jawo matsalar, Yallaɓai,” ya ce. “Idona ya tafi. A nemo wani kafin in yi wadda ba ta gyaruwa.”

Da ya kashe wayar na hau shi da faɗa ina kuka. Ya bar ni na gama, sannan ya jawo min kujera.

“Zauna, Auta. Yatsunki sun fi bakinki amfani.”

Muka kai la'asar a ɗakin nan. Ina karanto layi, yana faɗa min abin da zan rubuta a samansa: wannan na reshen kaza ne, wannan kada a motsa shi, wannan na sa shi ne shekarar da aka yi mana kutse. Shekara goma sha ɗaya ya zazzage min su ina bugawa da yatsa biyu.

Ƙarshen wata ya bar aiki. Wata mata aka ɗauka a madadinsa. Ya ba ta lambarsa, ya ce duk inda ta maƙale ta kira shi, ko da yaushe ne. Yanzu kullum bayan karin kumallo yakan sa rigar aikinsa, ya zauna a falo, waya a kan gwiwa, ya ƙure ƙararta.

Kwanaki na haɗu da matar da ta maye gurbinsa a bakin asibiti. Ta gaishe ni da fara'a, ta ce in gaya wa Yaya ba ta taɓa ganin bayani mai kyau irin wanda ya bari a fayil ɗin ba, ko sau ɗaya ba ta buƙaci tambayar kowa ba.

Da na je gidan Yaya, ya ji takuna ya ɗago.

“Auta ce? Ɗan duba min wayar nan. Anya ba ta lalace ba kuwa?”