Kanwar da mahaifina ya shayar da mota

Shekarun baya can, lokacin da arzikin mai ya sa manoma ma suka fara sha'awar ƙarfe, mahaifina ya sayar da bijimansa na huɗa ya sayi akori-kura. Su ne ƙarfin gidanmu gaba ɗaya, ya juye su cikin motar nan. Ni aka miƙa wa makulli, don na ɗan koyi tuƙi a Ƙanƙara, ina ta hura hanci kamar ni na ƙera ta.

Baba mutumin dabbobi ne, kuma kiwonta ya shiga yi. Da ya ga ruwan lagireto ya yi ja, sai ya ce ciki ne ya ɓaci. Duk Juma'a ya jiƙa kanwa a ƙwarya, yadda ya saba yi wa shanunsa, ya ɗura mata yana shafa ƙeyarta. Ni kuwa bakaniken da ya koya mini ya sha gaya mini cewa lagireto ba ya son komai sai tataccen ruwan sama da maganin tsatsa, a kuma riƙa juye tsohon ruwa. Na sani sarai. Amma ɗa ya ce wa ubansa ya yi kuskure? Sai in tsaya ina riƙe masa ƙwaryar ma.

Wata ranar kasuwa mun ɗauko masara daga Damari za mu Sabuwa, mota ta fara tururi, ta yi tari biyu ta mutu. Aka jawo ta wurin wani tsohon bakanike. Da ya kwance injin, famfon ruwan ya zama kamar gara ta ci shi, lagireton duk huji, zafi kuma ya gama da injin. Ya lakaci farin da ya daskare ya ɗanɗana, ya tambayi wanda ke zuba kanwa.

Na yi caraf na ce ni ne, don kada a ga wautar Baba a bainar jama'a.

Baba ya ce, “A'a Malam, ni na ba ta. Riƙe ƙwarya kaɗai yaron ga ya yi.”

A hanyar gida, muna tafe a ƙasa, ya tambaye ni ko da ma na sani. Na sunkuyar da kai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi, da na fi samun sauƙi. Sai kawai ya ce, “Ita ba ta da bakin da za ta hwaɗa mani. Kai kana da shi.”

Motar ba ta ƙara tashi ba. Daminar nan da fartanya muka yi noma, shi da furfurarsa yana gaba, kuma bai sake tayar da zancen ba har ya koma ga Allah.

Na ɗauka shirun da na yi masa kan kanwar nan ladabi ne. Har yau in na buɗe lagireto na ga ruwa ya fara ja, ba injin nake tausayi ba. Bayan Baba nake gani a duƙe cikin kunya, a gonar da bijimai ya kamata su huɗe.