Ranar da Inna Ta Kira Sunana

Ni ne ɗan fari, shi ya sa har na kai shekara goma sha huɗu ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. "Kai" take ce mini, ko "wancan". In ta zuba tuwo sai ta turo kwanon gefena, ta kau da kai. Kowa a ƙasar Adar ya san kunyar ɗan fari, ni ma na sani. Amma sauran 'yan fari suna da kaka mai rungumarsu, da uba mai kiransu. Ni ubana rijiya ta rufta da shi a Afala, kakata kuma ta riga shi. Inna ta kwaso mu, ni da ƙannena mata biyu, muka shigo Tawa bayan samun mulkin kai da kaɗan, tana yi wa mutane daka a gidajensu. Ƙannena tana kiransu, har da kirari. Wallahi abin yana ci mini rai.

Sai na zama ɗan tasha. Dako da safe, dambe da rana, ranar Lahadi kuma, da kasuwa ta cika, mu lalubi aljihun mutanen ƙauye. Ba zan ɓoye ba, na yi.

Cikin gidajen da Inna take daka akwai na wata Kirista, mutuniyar kudu, matar wani mushen lakwal, wato malamin makarantar boko. Madam muke ce mata. Duk Alhamis, da yake babu lakwal, tana tara zawarawa da matan da mazansu suka tafi cirani ba su dawo ba, tana koya musu ɗinki a kan kekenta guda ɗaya. Mijinta kuma ya zaunar da mu 'yan tasha a inuwar itacen bedi yana koya mana karatu. Takan buɗe zaman da addu'a cikin sunan Yesu, in azahar ta yi kuma ita da kanta take shimfiɗa wa matan tabarma su yi sallarsu. Ni dai gaskiya shinkafa da wake ke kai ni.

Wani direban babbar mota ya ce zai ɗauke ni karen mota zuwa Agadas, daga can sai inda Allah ya yi. Abokaina biyu sun bi wannan hanya, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Madam kaɗai na gaya wa.

"Innarka ta sani?" in ji ta.

"Mi ya dame ta? Ko na tahi ba ta lura. Ba ta so na, Madam."

Ba ta yi mini wa'azi ba. Hannuna ta kama, ta ja ni bayan gida inda Inna take bakin turmi.

"'Yar'uwa, ɗanki zai tahi jibi. Cewa yake ba ki son shi."

Inna ba ta ajiye taɓarya ba. "Haba Madam, ke ma kin san kunya."

"Na san ta, na kuwa yi ta," in ji Madam. "Nawa ɗan farin ƙyanda ta ɗauke shi yana shekara shida. Sai a bakin kabari na kira sunanshi, bai kuma ji ba."

Daka ya ci gaba. Na jira, na jira, Inna ko ɗaga ido ba ta yi ba. Raina ya ɓaci, na fizge hannuna na ce, "Kin gani ko?" Na fice abina.

Ranar tafiya da hantsi ina zaune can saman buhunan gero, na riƙe igiya, sai na hango Madam ta shigo tasha, Inna na bayanta ta rufe rabin fuska da zane. Madam ta tsaya nesa wajen masu fura, ta bar ta ita kaɗai. Direba ya tada mota. Inna ta matso, bakinta na motsi, babu abin da ke fita. Mota ta fara gangarawa.

Sai ta kira ni. Sunana na yanka, a gaban 'yan dako da direbobi da matan kasuwa. Muryar ta fito a shaƙe, kamar ba tata ba. Ta sake, ta kuma sake. Wata tsohuwa ta riƙe baki ta ce, "Ashsha, ɗan farinta ne fa!" Wasu suka yi dariya. Inna ta ji su sarai, ba ta daina ba.

Ba ta ce in sauko ba, sunan kawai take kira. Na diro daga motar tana tafiya, na kuje gwiwa, tabon na nan har yau.

Madam ta yi gaba, muka bi ta a baya. Bayan shekara biyu aka yi wa mijinta canjin wurin aiki, ta tafi ta bar wa Inna keken, a kansa na koyi ɗinkin da na riƙe gidanmu da shi.

A ranar da ta kira ni ɗin dai, da muka isa gida, Inna ta zuba tuwo, ta turo kwanon gefena, ta kau da kai, ta ce, "Kai, ci." Na ci ina kuka. Har ta koma ga Allah ba ta ƙara kiran sunana ba, ni kuma ban ƙara tambayar ko tana so na ba.