Muƙamin da Ya Yi wa Kwamfuta Tsawo

Matar da ke jiran sa hannunsa a ofis ta zuba masa ido. Ƙato ne, tabarau a ƙarshen hanci, da yatsa ɗaya yake danna madannai kamar mai kashe kuɗin cizo. Sabon teburin bayanai yake son buɗewa, amma manhajar da ke haɗa kwamfutarsa da rumbun bayanai ba ta karɓar dogon suna. Shi kuwa ya zuba mata muƙaminsa kaf a matsayin sunan teburin: Mataimakin Babban Jami'in Kula da Ma'aikata.

"Ke! Kin san da wa kike yi?"

Kwamfuta ko gezau. Wannan, in ji matar a ranta, ko a gida sai an jero muƙamin yake amsa sallama.

Ya saci kallon ƙofar shugabansa, sannan ya goge "Mataimakin". Nan take ta karɓa.

Ya gyara zama, ya shafa kan kwamfutar. "Ashe kin san manya."