Notin Akori-kurar Baba

Duk faɗin Kura da Bunkure, har ka dangana da Garun Malam, ba a yi mahaluƙin da ya fi ni sanin kan noti ba. Wanda ya musa ya tambayi kafaɗata ta dama, har yau ba ta yafe min ba. Gwanintar ta faro ne wata Talata a watan Disamban 2003, kwana takwas da rasuwar Babanmu, ina ɗan shekara goma sha huɗu, an ɗauko ni daga makarantar kwana. An naɗe tabarmin zaman makoki, an mayar wa maƙwabta butocinsu, sai na ji ƙanen Baba, Baffa Sale, yana cewa za a kira 'yan gwangwan su farfasa tsohuwar akori-kurar da ke ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida. Na ce a bar ta. Ya dube ni ya ce, "In ta tashi kafin sadakar arba'in, taku ce."

Motar ta girmi kanal ɗin ban-ruwan garinmu, wasu ma sun ce ita ta kai 'yan aikin da suka haƙa shi. Da ita Baba yake kai kwandunan tumatir kasuwar bakin titin Zariya, ni ina can sama kamar limamin kwanduna. Abin da na sani, sifirin ɗinta na baya, ƙarfen da ke ɗauke da nauyinta, ya karye ta durƙushe gefe guda, sabon kuma yana jingine a zaure. Noti ɗaya tak za a kwance a musanya. Amma notin nan shekara ashirin yana shan ruwan tumatir da gishirin takin zamani, tsatsa ta haɗe shi da ƙarfen motar har sun zama wa da ƙane.

Ban yi kuka a rasuwar ba. Mata suna ta duba idona, ni ma ina ta jira, shiru. Abinci ba daɗi ba ɗaci. Da safe in kai wa masu ban-ruwa koko a gonar albasa, in yanko wa awaki ciyawa a bakin kanal, sannan in shimfiɗa buhun taki in shige ƙarƙashin mota da sifana. Abokaina suna tsalle cikin kanal, ina jin ihunsu kamar daga rediyon wani gidan. Nan ne kaɗai ba mai leƙo ni ya ce, "Ya haƙuri?"

Ba abin da notin nan bai sha ba. Kananzir, baƙin mai, man burki, jiƙon tsamiya, lemon tsami da ya isa a yi wa unguwa guda lamurje. Wani dattijo mai wucewa masallaci har tofi ya yi masa. Na buga shi da guduma sai da jakin maƙwabta ya daina kwana a gida. Na zura wa sifana bututun ƙarfe na injin ban-ruwa, na hau na yi lilo, sifanar ta buɗe baki, noti ko gezau. Innarmu takan ajiye min kwanon tuwo kusa da taya ta koma ciki, ba ta taɓa cewa in bari ba.

Ranar kwana talatin da bakwai na aro zugazugin maƙerin unguwarmu, na hura gawayi a kan guntun kwano, na gasa notin har ya yi ja, na sheƙa masa ruwan randa. Da na danna bututun sai na ji wata ƙara kamar an buɗe ƙofar da aka rufe tun zamanin Turawa. Ya juya. Na zauna riƙe da shi a cikin tsumma, ina jiran murna ta zo. Ita ma ba ta zo ba.

Washegari aka kira Malam Idi bakanike ya ɗaura sifirin. Kafin ya taɓa komai sai ya ɗaga bonet. Wata kaza ta yi tsalle ta fito tana bambami, ta bar ƙwai tara a inda inji yake zama. Inna ce daga bakin zaure ta ce tun ina makaranta aka ciro injin, ya tafi Kano ya zama allurai da ledojin ƙarin ruwa na jinyar Baba. Kowa ya sani. Ganin na samu wurin zama, sai suka ƙyale ni.

Yanzu motata ko tari ta yi, na'ura ake jona mata ta faɗi ciwonta. Dalbejiyar an sare ta, shagon cajin waya ne a wurin. Ban sake samun inuwa irin ta ƙarƙashin motar nan ba.

Ran nan dai Malam Idi ya karɓi notin, ya jujjuya shi a tafin hannu, ya miƙo min abina. Ya ce, "Sannu da aiki, ɗana. Noti kam ya fita. Saura mota."