Hotunan Inna da Yaya Ya Goge

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya goge mini hotunan mahaifiyarmu kaf ranar addu'ar ukunta. Ba kuskure ba ne. Zama ya yi a zaure ya bi su ya share, sannan ya miƙo mini wayata kamar wanda ya ari allura.

Abin haushin, shi ya sa ni fara ɗaukarsu. Yana Fatakwal yana aikin kamfani, ni ina Rano ina acaɓa, don karatuna a ƙaramar sakandare ya tsaya. Da ɓarin jikin Inna ya shanye a gidanmu na Unguwar Gai, sai ya bugo ya ce kullum in ɗauke ta hoto in tura masa. Na gane nufinsa. Bai yarda zan riƙa zuwa ba, shaida yake so. Na ji zafi, amma na ce to.

Da farko a fusace nake yi. In buga babur da safe, in bi hanyar Kibiya, in leƙa ɗaki, "Inna ina kwana," in ɗaga waya, ƙyas, in juya. Gwaggo, ƙanwar babanmu da ke jinyarta, sai dai ta bi ni da harara. Wata rana Inna ta ce, "Auta, wai gaisuwa kake zuwa ko aikin ƙidaya?"

"Yaya ne ya ce."

"To tsaya in gyara ɗankwali, kada matarsa ta ce surukarta ta haukace."

Ɗakin nata da duhu, hoton ba ya fita. Dole na fara ɗauko ta in kawo bakin ƙofa kan tabarma, inda hantsi ke sauka. Wanda kuwa ya ɗauko uwarsa a hannu ba ya ajiye ta ya gudu. Sai na zauna a sha koko. Sai na fara yanke mata farce. Fasinjojin safe duk suka koma wajen wasu, ban damu ba.

A wajenmu ɗa ba ya tsare uwarsa da ido, kai a ƙasa ake gaisuwa. Na haura arba'in ban taɓa kallon fuskar Inna da kyau ba sai ta cikin wayar nan. A nan na ga wani tabo ƙasan kunnenta na hagu. Na tambaya, ta ce ƙahon karsana ne, tun tana yarinya a rugarsu ta wajen Dawaki. Ta ba ni labarin har da sunan saniyar, tana dariya da rabin baki. Matar da na yi zaton Yaya kaɗai take so, don kullum zancensa take, ashe ni ne ban taɓa zama ba balle a yi zance da ni.

Wata rana ina tasha ba fasinja, na riƙa jan hotunan baya. Na ga awarwaron da ke tsaye a wuyan hannunta da damina, da kaka ya gangaro har gwiwar hannu. Ido bai gaya mini ba, don kullum ina ganinta. A ranar na ɗauki Keke Napep muka kai ta asibiti. Daga nan ba don Yaya nake ɗauka ba. Na ɗauki hannunta tana ɓarar gyaɗa da hannu ɗaya, na ɗauke ta tana gyangyaɗi da carbi a cinya, na ɗauke ta tana yi wa akuya faɗa. In na nuna mata sai ta kanne ido ta ce, "Wannan tsohuwar fa daga ina? Wallahi kamar uwata." Shi kuwa Yaya, da yana turo hoton babban yatsa, daga baya ko shi ya daina.

Da bazara ta rasu, bayan la'asar. Hoton safiyar ranar tana riƙe da kofi, ba ta iya sha ba. Yaya bai iso ba sai da aka kai ta.

Ranar addu'ar uku danginta na Dawaki suka ce in nuna musu. Waya ta shiga cikin mata, hannu zuwa hannu, ana kuka. Wata tsohuwa ta ce da ƙarfi, "Allah sarki, haka ta rame? Ina babban ɗan nata yake?" Maganar ta fito har zaure. Bayan azahar Yaya ya ce, "Kai, ara mini wayarka, tawa ba caji." Na ba shi, na tafi mayar da tabarmin masallaci. Da na dawo na buɗe, babu ko ɗaya.

"Yaya, ina hotunan Inna?"

"Na rufa mana asiri. Uwarmu a kwance, wani wajen ko mayafi babu, kana yawo da ita a aljihu kowa na gani? Mamaci sutura ake yi masa."

"To turo mini waɗanda ke wajenka."

"Ai gogewa nake, cika mini waya suke yi."

Akwai manya a zauren, na haɗiye. Washegari na kai wa masu gyaran waya a Rano, suka juya suka juya, suka ce har inda gogaggun ke taruwa ya kwashe, sai haƙuri. Yanzu abin da ke rataye a zaure shi ne hoton da Yaya ya zo da shi cikin gilashi, na ranar bikinsa, Inna da ƙiba da leshi. Kyakkyawa ce, amma wannan matar ban san ta ba, lokacin kaina a ƙasa yake. Wadda na sani kullum fuskarta sai ƙara dusashewa take a raina. Har yau in hantsi ya fito sai hannuna ya tafi aljihu.

Ranar da zai koma, na same shi yana sa jaka a bayan mota. Ya miƙo hannu, ban karɓa ba. Na ce, "Yaya, suturar Inna mun yi mata da likkafani ba ka nan. Ba asirinta ka rufa ba, naka ka rufa. Ramar da ta ba ka kunya, ni na ɗauke ta a hannuna kullum, ban ji kunya ba. Ka ƙi zuwa ka gan ta, ka ƙi kallon wadda na tura maka, ni da na gani kuma ka ƙwace. Kai yayana ne, in an yi rasuwa ko suna za ka gan ni. Amma kada ka sake bugo mini waya ka ce in tura maka komai."